Hoton kan titi a Tokyo da Kyoto tare da iyali, wanda ya taɓa zuwa ya ba ni shawara

Abban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda watan Nuwamba zan kai iyali Japan, ni da uwargida da yara biyu, babbar shekararta 9 ƙaramin 4. Kwana 4 a Tokyo sai mu hau Shinkansen, jirgin ƙasansu mai saurin gudu, zuwa Kyoto mu yi kwana 3. Ni hoton kan titi nake so, ba irin wanda za a jeru a yi murmushi ba, a'a mutane na cikin harkarsu, tsoho kan keke, mai shago na ɗaga ƙofa da safe, irin wannan. Damuwata biyu ce. Na ji an ce mutanen can ba sa son a ɗauke su kuma har tara ake ci a wasu wuraren, shin gaskiya ne? Sannan ya mutum zai yi ya samu hoto mai kyau alhali yara na jan rigarsa, ba na so tafiyar ta koma ni da kyamara su kuma suna tsaye suna jirana. Dan Allah a taimaka.

Baban Walid:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya kai ku lafiya. Na yi irin tafiyar nan da nawa iyalin, abin da ya fisshe ni shi ne asuba. Kana idar da sallah ka ɗau kyamara ka fita su suna barci, kafin su tashi su shirya ka samu awa biyu naka kai kaɗai. A Kyoto lokacin ne ma garin yake na masu shi, za ka ga tsohuwa ta fito da tsintsiya tana share ƙofar gida ta yayyafa ruwa, masu kai kaya na sauke kwali a bakin kasuwar Nishiki tun shaguna ba su buɗe ba, ƙarfe goma na yi kuwa baƙi sun cika ko'ina ba abin da za ka ɗauka sai ƙeyar mutane. Wurin ibadar nan na Fushimi Inari ba a rufe shi dare da rana, in kana son jerin jajayen ƙofofinsa ba cunkoso to ka isa kafin bakwai.

Ka kuma sani a Nuwamba rana na faɗuwa da wuri sosai, a Tokyo wajen huɗu da rabi ta faɗi, saboda haka hasken yamma mai kyau tun ƙarfe uku yake farawa. Ka sauka tashar Nippori ka gangara Yanaka Ginza, akwai matakala a bakin titin da ake tsayawa kallon faɗuwar rana, unguwa ce ta tsofaffin gidaje da ƙananan shaguna kuma yara za su sake a wurin fiye da Shibuya, unguwar nan mai cunkoso. Kar ka ɗau kaya da yawa, kyamara ɗaya ƙarama da batiri biyu ya isa, ƙafar kyamara ka bar ta don wuraren ibadarsu da yawa sun hana. Soket ɗinsu mai baki biyu shafaffu ne, ka tafi da adafta.

Maman Ilham:
Abban Sadiya ni ta ɓangaren uwargida zan yi magana don na san abin. Ranar farko a mararrabar Shibuya maigidana ya tsallaka ya dawo ya fi sau biyar yana neman hoto, ni ina gefen mutum-mutumin karen nan Hachiko riƙe da yaro yana kuka ga sanyi, wlh raina ya ɓaci ranar. Da daddare muka zauna muka yi magana, daga nan ya koma sa yaran a cikin hoton, ya bar su su yi gaba shi yana baya, sai ga titin ga mutanen gari ga kuma namu a tsakiya. Wanda na fi so har yau a kogin Kamo aka ɗauka wajen Demachiyanagi, akwai duwatsun tsallaka ruwa da aka sassaƙa kamar kunkuru, ƴata ta ɗaga ƙafa za ta tsallaka wani dattijo da jakar cefane ya tsaya a dutsen gaba yana jiran ta wuce yana dariya. Ba wanda ya shirya shi.

Kuma dan Allah kar ka ɗauki yaran mutane. Za ka ga ƴan firamare da hula ruwan ɗorawa da ƙatuwar jaka a baya suna tafiya makaranta ba babba tare da su, abin sha'awa, hannunka zai yi ta kai wa kyamara amma ka daure, ka tuna yadda za ka ji in baƙo ya saita Sadiya.

Ɗalibi a Osaka:
Yaya maganar tara gaskiya ce amma ba ko'ina ba. A unguwar Gion ta Kyoto ne, tun Oktoban 2019 mazauna wurin suka kafa alluna cewa ba a ɗaukar hoto a lungunan da suke mallakar mutane, tarar yen 10,000, a 2024 kuma suka fara hana baƙi shiga wasu lungunan gaba ɗaya. Dalili shi ne yadda masu yawon buɗe ido ke bin geiko da maiko, wato mata masu sana'ar nishaɗin gargajiya da masu koyonta, da gudu suna tare musu hanya har da jan kimono, rigarsu ta gargajiya, alhali matan nan wurin aiki za su. Babban titin Hanamikoji na kowa ne kana iya bi, ka dai riƙa duba allo, ko ba ka iya karatun ba akwai zanen kyamara da aka ja wa layi.

A sauran wurare ɗaukar titi da jama'a ba laifi ba ne, inda ake samun matsala shi ne ka cika hoto da fuskar mutum ɗaya ka sa a intanet bai sani ba, kotunansu sun amince mutum na da haƙƙi kan hoton fuskarsa, shozoken suke ce masa. Cikin jirgin ƙasa kuwa ka mayar da kyamara jaka kawai, musamman kusa da mata, suna da tsanani a nan, shi ya sa wayoyin da ake sayarwa a ƙasar ba a iya kashe ƙarar ɗaukar hotonsu. In kana son ɗaukar mutum ka ce sumimasen, shashin ii desu ka, wato gafara dai, zan iya ɗaukar hoto, kana nuna kyamarar. In ya gicciye hannu ko yatsu kamar X to a'a ke nan, ka ɗan sunkuyar da kai ka wuce.

Baban Walid:
Ƙanina na yarda da kai amma in ka tambayi kowa ai hoton ya mutu, da ka yi magana mutum zai gyara tsayuwa ya ɗaga yatsu biyu. Ni masu sana'a nake tambaya, kuma sai na sayi abu tukuna, in ya amince sai in jira ya koma kan aikinsa ya manta da ni. Sauran kuwa daga baya ko daga nesa, ko ranar ruwa da kowa ke ƙarƙashin farar lemar robar nan ta ƙananan kantunan da ake kira konbini fuska ba ta fita sosai.

Abban Sadiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Ilham na nuna wa uwargida abin da kika rubuta ta ce sai mun je wajen kunkurun nan. Asuba tawa, sauran yini nasu, haka muka tsayar. Ɗalibi tambaya ɗaya ta rage, Juma'a za ta same mu a Tokyo ina so mu yi sallah a Tokyo Camii, ana barin ɗaukar hoto a ciki?

Ɗalibi a Osaka:
Ka sauka Yoyogi-Uehara tafiyar minti biyar ce a ƙafa. Masallacin ginin Turkawa ne, a 2000 aka buɗe wannan na yanzu, kuma baƙi na shiga kallo har waɗanda ba musulmi ba. Ka tambayi masu kula da wurin kafin ka fito da kyamara, ka kuma bari sai an sallame mutane sun ragu. Ku je da wuri yaya, ran Juma'a cika yake yi har waje.