Ƙ da ɗ sun koma alamar tambaya da na zuba CSV a MySQL

Baban_Ummi:
Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da rajistar ƙungiyarmu ta manoma, duk a Excel take. Shugaba ya ce a mayar da ita MySQL, manhajar adana bayanai a teburi. Na adana ta a CSV, wato fayil na rubutu zalla, na zuba da umarnin LOAD DATA, na ce waƙafi ne ke raba gurabe. Ta shiga kam, amma Ɗanladi ya koma ?anladi, Ƙofar Mata ta koma ?ofar Mata. Lambobin waya sifilin farko ya ɓace. Adireshi irin "Layin Maƙera, bayan masallaci" kuwa ya rabe biyu, rabi ya faɗa gurbin waya. Don Allah ina mafita?

Injiniya_Zk:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka zargi MySQL, buɗe fayil ɗin da Notepad. Na tabbata tun a can za ka tarar da alamun tambayar. CSV na gama-gari a Excel da tsarin haruffan Windows yake adanawa, shi kuwa babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsa, sai ya dangwala ? a madadinsu. Wannan fayil ba ya gyaruwa, ka koma kan na asali ka zaɓi CSV UTF-8 wajen adanawa. Tsarin haruffan teburin ya zama utf8mb4, a umarnin ma ka rubuta CHARACTER SET utf8mb4.

Maganar adireshi mai sauƙi ce. Excel yana kewaye duk gurbi mai waƙafi da alamar zance, kai ne ba ka gaya wa MySQL ba. Ƙara OPTIONALLY ENCLOSED BY '"', sai IGNORE 1 LINES don kada layin kanu ya shiga a matsayin mamba.

Maman_Hanifa:
Lambar waya ba ta lissafi ba ce, wa zai tara ta ko ya raba? Ka sa gurbinta ya zama VARCHAR, wato na rubutu. INT ta lambobin lissafi ma ba ta ɗauka, iyakarta 2147483647. In Excel ya riga ya cinye sifilin, ba sai ka sake bugawa ba: CONCAT('0', waya) ga duk mai tsawon 10. Amma ka lura, in waya ce gurbin ƙarshe kuma ba ka sa LINES TERMINATED BY '\r\n' ba, wani ɓoyayyen harafi zai liƙe a bayanta, tsawon ya zama 11, gyaran ya tsallake kowa. Wannan yana wahalar da mutane sosai.

Baban_Ummi:
Allah Ya saka da alheri, Injiniya da Hajiya. Ɗanladi ya dawo da ƙugiyarsa. Saura ranar rajista: mu 25/03/2023 muke rubutawa, gurbin DATE ya ƙi karɓa.

Injiniya_Zk:
Shekara yake so a gaba, 2023-03-25. Juya ta da STR_TO_DATE, tsarin '%d/%m/%Y'.