Neman shawara: mai gidan baje zane da saƙa yana son aron rigar kakanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani bawan Allah a nan Katsina da ya ware ɗakuna a gidansa ya jera zane-zanen hannu, irin na littattafan yara da zayyanar allo, ga tsofaffin saƙe-saƙe da rini. Nasa ne na kansa, sai an kira an sa lokaci ake zuwa. 'Yata tana ƙaramar sakandare, ba ta da aiki sai zane, shi ya sa nake son kai ta. Da muka yi waya na ce masa muna da babbar rigar kakanmu, saƙi mai aska takwas, sai ya roƙi in zo da ita ya rataye ta wata uku mutane su gani. Yaya ake shiga irin wannan wuri, ana biya ne? Rigar kuma in ba shi? Ta gado ce, ba tawa ni kaɗai ba.

Wani dattijon maɗinki daga Ƙofar Sauri: Wa alaikumus salam. 'Yata, zuwan farko bar rigar a gida. Je ki ga yadda yake riƙon kayan wasu tukuna. Duba ko rana na shigowa ta taga tana dukan tufafin, don haske na koɗar da shuni, in ya koɗe kuma ba ya dawowa. Duba yadda ya rataye su. Saƙi siraran ƙyallaye ne aka haɗa da allura, ga nauyin aiki a ƙirji. In aka saƙale ta a ƙusa, kafaɗa za ta fara buɗewa. Mai sani sanda mai kauri yake zurawa ta hannuwa, ko ya shimfiɗa ta. Ki leƙa lungu ko akwai gara ko asu, ki shaƙi ɗakin ko yana warin danshi. In aikin da zaren tsamiya, wato alharinin gida, aka yi shi, watanni wani ya yi a duƙe a kansa, kuma masu wannan hannu sun yi ƙaranci. Kada ki bari kowa ya ce zai wanke ta.

Wata malamar zane: Hajiya, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Maganar kuɗi ki tambaye shi kai tsaye a waya, ba abin kunya ba ne. In ya ce kyauta, ku sayi ɗan kati ko ƙaramin zane. Ta riƙe littafi da fensir, ta zauna ta kwaikwayi abu ɗaya da ya burge ta, ya fi ta ɗauki hotuna barkatai. Hoto sai da izini, ban da walƙiyar waya, ban da taɓawa saboda maiƙon hannu. Ta tambaya wanne ne asalin zanen, wanne aka buga da inji. In kun fito ku biya gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Wani matashi daga Daura: Baba, a gafarce ni, amma ni ina ganin a ba shi. Riguna nawa asu ya cinye a adaka ba wanda ya gani? Nike Davies-Okundaye, wata shahararriyar mai zane da rini, ita ma da kanta ta buɗe cibiyarta a Osogbo a 1983, yau ana tahowa daga ƙasashe kallon adire, wato rinin Yarbawa. Mu in kowa ya ɓoye nasa, me yaranmu za su gani?

Dattijon: Ban hana ba, ɗana. Cewa na yi a gani kafin a miƙa.

Wani ma'aikacin kotu: Tunda gado ce, sai duk magada sun yarda. A rubuta cewa aro ne ba sayarwa ba, da ranar mayarwa, da wanda zai ɗauki asara in ta lalace ko ta ɓata. A ɗauki hotonta gaba da baya, har inda ta tsufa, shaidu biyu su sa hannu.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Asabar za mu je ni da 'yata, sannan in kira yayyena. Baba, kafin nan, a ninke zan bar rigar ko in naɗe ta cikin farin ƙyalle?