Koya wa yara masu raunin ji magana da kwamfuta: abin da aka tattauna

Malamai da iyaye sun fi nanata cewa kwamfuta ba ta maye gurbin malami. Manhajoji irin su SpeechViewer, wadda kamfanin IBM ya yi a da, kan mayar da murya hoto: yaro ya ɗaga murya, balan-balan ya kumbura a allo, ya ga abin da kunnensa bai kama ba. Sai dai an ja kunne cewa "b" da "m" kamarsu ɗaya a leɓe. A ɗora yatsan yaro a hancin malami ya ji rawar "m".

Atisaye ya zama gajere, kullum, a ɗaki marar hayaniya, da na'urar ji a kunne. An ɗan yi saɓani kan maganar hannu. Ni dai ina bayan masu cewa kada a hana yaro ita.