Fayiba ta tsaya a bakin titi, in jira ko in fasa adashe?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina Kaduna, wajen Unguwar Dosa. Tun kafin azumi aka haƙa rami a babban titi aka binne wayar fayiba ta intanet, amma ba ta shigo layinmu ba, alhali tsakaninmu bai fi mita 300 ba. Sau biyu ina zuwa ofishin kamfanin, kullum sai wata mai zuwa. Ina koyar da yara lissafi ta Zoom, gidan haya nake, kuma saura wata huɗu kuɗin hayar ya ƙare. In yi haƙuri, ko in kwashi adashena in sayi Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam? Wanda ya taɓa irin wannan jiran ya taimaka.

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Ki sayi rauta mai 5G ki huta.

Maman Ilham: Ita ce a hannuna, Malam. Da magariba ta yi sai fuskokin yaran su daskare.

Dattijon Layi: 'Yata, ji nawa. Mu a Kano cewa suka yi mu tara gida ashirin. Ni na bi gida-gida da kaina, har da roƙon wani maƙwabcin da ba ma ga maciji. Kowa ya ba da dubu 45. Wata shida muna jira. Ranar da aka haɗa har shayi na dafa wa yaran da suka ja wayar. Sati uku muka ji daɗi, sai masu gyaran magudanar ruwa suka zo da katafila suka tsinke ta. Kamfani ya ce ɗan kwangila ne zai biya, ɗan kwangila ya ce shi bai ga wata alama a ƙasa ba. Yau wata bakwai, akwatin na manne a bango yana ƙyafta jar fitila. Abin da ya fi min ciwo, ni maƙwabta ke tarewa a ƙofar masallaci, kamar ni na ci kuɗin.

Ummi K: Dubu 45? Mu kyauta aka haɗa mana, kuɗin wata kawai muka biya.

Sani Gareji: Kyauta a ina? Ni dubu 120 aka ce min, wai da mita ake lissafi daga sandar ƙarshe.

Injiniya: Duk gaskiya kuka faɗa, ya danganta da nisanka da akwatin rabawa. Da can kuɗin izinin haƙa hanya ne ke riƙe aiki. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, jihohi da yawa suna karɓar fiye da haka, amma Kaduna ta yafe shi gaba ɗaya tun 2020. Don haka matsalarki ba takarda ba ce, Hajiya, ƙidayar gidaje suke yi. In ba su hango masu biya ba, wayar ba za ta karyo kwana ba.

Dattijon Layi: Injiniya, kai a ofis kake karanta abin, ni a aljihuna na karanta shi. Gida ashirin ɗin ai mun tara.

Injiniya: Baba, ban musa ba. Amma naka yankewa ce, nata rashin isowa ne.

Ɗan Fulani: Ku da kuke rigima a kan mita 300. Mu sai an hau darbejiyar gidan mai gari kafin saƙo ya fita, kuma reshen sama na manya ne.

Ummi K: Anti, tunda haya kike, Starlink kya ɗauke ki tafi da shi, fayiba kuwa ta mai gida ce in kin tashi. Sai dai ya fi akwatin fayiba shan wuta nesa ba kusa ba. Kina da sola?

Sani Gareji: Yawwa, an zo wajen. Ko wayar ta shigo har ɗaka, da me za a kunna ta? Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit, an ce za a ba su wuta awa ashirin a rana. Mu kuɗin ya iso, wutar ce ba ta iso ba.

Abu Sadik: Ku kuna ma gani. Taransifomarmu wata biyu ke nan da ƙonewa, an ce kowane gida ya kawo dubu goma.

Dattijon Layi: Kada ka yarda a ba ka riƙon kuɗin.

Maman Ilham: Batir ɗaya gare ni da ƙaramar inbata. To wai jama'a, in jira ne ko kuwa?

Sani Gareji: Batirin wane iri ne, na ruwa ko litiyom? Nawa kika saya?