Keke zuwa gindin Duwatsun Shere, hawa da ƙafa: yini ɗaya zai isa?

Ɗan Farin Gada:
Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muke son mu tashi daga cikin Jos a kan keke zuwa Duwatsun Shere, mu ajiye kekunan mu hau da ƙafa, mu dawo kafin magariba. Yini ɗaya zai isa? Me za mu riƙe, kuma ina ake barin keke?

Mai Sanda:
Wa alaikumus salam. Zai isa, in kun yi sammako. Duwatsun suna gabas da Jos, kamar kilomita 10, ta wajen Lamingo. Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta kai mita 1,829, wato akwai hawan kamar mita 600 a gabanku. Ku ba keke awa ɗaya, hawa da ƙafa awa biyu zuwa uku, saukowa kusan haka, don a kan dutse gangara ba ta fi hawa sauri sosai ba.

Abin da ke kayar da mutane shi ne ƙure ƙarfi tun a kan keke. Ku sa giya mai laushi, ku tuƙa a hankali har kuna iya hira. Wanda ya matsa wa cinyarsa da safe, jijiya za ta riƙe shi a tsakiyar dutse. Kuma ku yanke lokacin juyowa tun daga gida: ƙarfe ɗaya na rana, ko kun kai sama ko ba ku kai ba.

Bakaniken Keke:
Ɗan'uwa, a duba birki tun jajibiri. In robar ta cinye, a sake ta, a kuma ɗaure wayar. A gangara mai tsawo kada a damƙe birki a riƙe, ƙarfen taya yana ɗaukar zafi har tub ya fashe. A riƙa kamawa ana saki, gaba da baya tare. Na gaba shi kaɗai, in aka fizge shi a kan tsakuwa, wurgi yake da mutum.

Kowa ya riƙe tub ɗaya na sauyi. Famfo ɗaya, faci, sholisho da sifana sun ishe ku ku huɗu. Kafin a sa sabon tub a shafa cikin taya da yatsa, don ƙayar da ta huda na farko tana nan. Hular kwano dole ce.

Hajiyar Tudu:
Ban yarda a ɗaure keke a jikin itace a tafi ba, ko da kwaɗo. Ku yi sallama a wani gida da ke gindin dutsen, ku bar su a can, ku ba da ɗan na goro. A nan ne za ku samu ɗan jagora, ku kuma ji ko hanya lafiya a ranar.

Ruwa lita uku kowane mutum, da dabino, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. A bar rabin lita wurin keke saboda komowa. Takalmi kambas mai ƙasan roba, ban da silifa. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, dutsen na santsi, ga tsawa da ƙanƙara da yamma. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, amma ku sa rigar sanyi a jaka, don gumi na bushewa a sama sanyi zai kama ku.

Mai Sanda:
Gaskiyar Hajiya. Ku ƙara da tocila, kuma ku faɗa wa wani a gida lokacin da ya kamata ya gan ku.