Alƙur'anin Baba ya iso Jidda, amma na kasa wuce Suratu Yusuf

Ɗan Madani a Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Mu shida ne a ɗakin da muke kwana, kowa da nasa nauyin, shi ya sa na kasa buɗe baki a can.

Asalinmu Maiurno ne, kusa da Sinnar a Sudan. Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Hajji. Guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya cirar auduga don ya tara kuɗin jirgi, sai aure ya zo, 'ya'ya suka biyo, har ya koma ga Allah bai ga Ka'aba ba. Daga baya Baba ya koma Wad Madani. Tela ne, da kekensa a bakin kasuwa, bayan sallar asuba kuma yana biya wa yaran unguwa allo a zaure. Ni na zo Jidda a 2017, ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ranar da zan taho na riƙe hannunsa na ce, Baba, abin da Kaka bai samu ba kai za ka samu. Murmushi kawai ya yi.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, gidanmu ya cika da dangi. A Disamba kuma abin ya iso Madani, masu masauki suka zama masu neman masauki. Suka gudu Gadarif. Baba yana da sanduƙin ƙarfe cike da littattafai, Risala, Iziyya, Ishiriniya da wasu da ban san sunansu ba. Duk can aka baro su. Gafakar Alƙur'aninsa kawai ya rataya, sai maganin ciwon sukari a aljihu.

A Fabrairun 2024 ya rasu, daidai lokacin da layukan waya suka ɗauke a Sudan. Kwana tara ina aika masa gaisuwa ta WhatsApp alhali yana kabari. Ina kan rufin wani gida da sukundireba a hannu saƙon ƙanwata ya shigo.

Watan jiya wani ɗan garinmu da ya biyo jirgin ruwa daga Sawakin ya kawo mini gafakar. Rubutun hannu ne, warwara, ruwayar Warshu, wasulan da jar tawada. Ƙanshin turarensa da na man keken ɗinki har yanzu suna jiki. A gefen wasu shafukan akwai ajami da hannunsa, ni kuwa makarantar gwamnati na yi da Larabci, ajamin tsofaffi ba na iya haɗa shi. Na fara sauka a ciki don na kai masa ladan. Lafiya lau nake tafiya har Suratu Yusuf, wurin da Annabi Yaƙubu ya juya baya ya ce "ya asafa ala Yusuf". Takardar wurin ta fi sauran duhu saboda yawan taɓawa, kuma akwai rubutu a gefe da wasu ƙananan zane-zane a jere. Da na zo nan sai kuka ya ƙwace mini. Sau huɗu ke nan ina rufewa.

Wani abokin kwanana, mutumin kirki ne wallahi, ya ce in yi hattara, ana yi wa mamaci azaba da kukan iyalinsa, kuma kusan shekara biyu ai ya ci a ce na dangana. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Shin cutar da Baba nake yi? Rashin tawakkali ne ke damuna? Ku da kuka rasa iyaye kuna nesa, ba ku ga wanka ba, ba ku ɗauki makara ba, me kuka karanta da ya sanyaya muku zuciya?

Almajiri a Madina:

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya jiƙan Baba, ya sa gudun da ya yi da ciwon da ya sha su zama kaffara.

Hadisin da abokinka ya faɗa yana nan a Buhari da Muslim, bai ƙirƙira ba. Sai dai malamai ba su bar shi haka ba. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, da aka kawo mata maganar ba ta karɓe ta a kan zahirinta ba, ta karanta ayar da ke cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Mafi yawan malamai sun ɗora hadisin a kan kururuwa irin ta jahiliyya, da yage tufafi da marin fuska, musamman ga wanda ya yi wasiyya a yi masa haka ko ya san al'adar gidansu ce bai hana ba. Hawayen mutum shi kaɗai da Alƙur'ani a cinyarsa ba ya cikin wannan.

Dubi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ranar da ɗansa Ibrahim ke jan numfashi a hannunsa. Idanunsa suka zubo, Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har kai ya Manzon Allah? Ya ce masa wannan rahama ce. Sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Ayar da take tsayar da kai ita ce ta 84. Koma baya taki ɗaya, aya ta 83, za ka ga bakin da ya ce "ya asafa" shi ne ya gama cewa "fa sabrun jamil". Allah ya jera su kusa da juna, ya ba mu labarin idanunsa sun yi fari don baƙin ciki, bai kuma zarge shi ba. 'Ya'yansa ne suka ce ba za ka daina ambaton Yusufu ba sai ka halaka, wato irin maganar da aka yi maka. Amsarsa tana aya ta 86: ni Allah kaɗai nake kai wa kukana da baƙin cikina. Kuma ka lura, shekaru masu yawa ne tsakanin ɓatan Yusufu da wannan magana. Ban taɓa cin karo da inda shari'a ta yanka wa zuciya wa'adi ba. Abin da aka iyakance shi ne zaman makoki da barin ado, kwana uku, in ban da matar mamaci mai wata huɗu da kwana goma.

Batun alkawarin Hajji kuma, ƙofa ba ta rufe ba. Wata mata daga ƙabilar Juhaina ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ta yi bakancen Hajji ta rasu ba ta yi ba, ya ce ta yi mata, ya kwatanta shi da biyan bashi. Ka fara sauke naka, sannan ka yi nasa. Umara kuwa tsakaninka da ita tafiyar awa ɗaya ce.

Hajiya ta Misfala:

Ɗana, sannu da haƙuri. Jikata ce ta karanta mini maganarka, ita ce kuma ke rubuta wannan, ni idona ya yi rauni.

Na fi shekara arba'in a Makka. Maigidana a Shara'i aka binne shi, bayan an sallace shi a Harami. Ka san nan ba a rubuta suna a kabari, mu mata kuma ba ma bin gawa. To ka ga ni da nake gari ɗaya da shi, da kai da teku ya raba ku, duk ɗaya muke. Ba wanda ya san inda zai tsaya ya nuna. Addu'a ba ta ɓatan hanya, ɗana.

Ni ba malama ba ce, karatuna bai wuce izu biyar ba. Abin da na riƙe shi ne addu'ar Ummu Salama da wata maƙwabciyata ta koya mini ranar rasuwar: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Da farko bakina ne kawai ke faɗa, zuciyata tana cewa wa zai maye mini shi? Daga baya na ji ashe ita ma Ummu Salama haka ta ce a ranta game da Abu Salama. Jin haka ya fi mini duk wa'azin da aka yi mini a zaman gaisuwa.

Har yau in aka gama salla a Harami aka yi kiran sallar gawa, sai na ji ƙirjina ya motsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ajamin nan kada ka bar shi a rufe. Akwai sauran tsofaffinmu a nan Misfala da wajen Shari'u Mansur da suka yi tsangaya a gida, suna karanta shi kamar ruwa. Amma kullum raguwa suke yi. Ka zo ranar Juma'a, ka tambayi masu sayar da tsire bayan la'asar, za su nuna maka.

Direba a Riyad:

Allah ya gafarta masa. Ni maganata gajera ce, kuma ka yi haƙuri in ta yi nauyi. A duk abin da ka rubuta ban ga inda ka ambaci Inna ba. Tana raye? In tana raye, ita ta kwana da shi shekara da shekaru, ita ta gudu da shi, a gabanta ya cika. Kai kana da takardarsa, ita fa me aka bar mata?

Ni na yi wannan kuskuren. Da mahaifina ya rasu kuɗi kawai nake turawa ta manhajar banki ta Bankak, ina gudun kiran tsohuwa don kada ta yi kuka ni ma in yi. Wata bakwai tsakaninsu ta bi shi.

Abin da na karanta ya tsaya mini shi ne labarin Abdullahi ɗan Umar a hanyar Makka, da ya haɗu da wani balaraben ƙauye ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Aka ce masa ai kaɗan ma ya ishe shi. Ya ce uban mutumin nan masoyin Umar ne, kuma ya ji Annabi ya ce mafificin biyayya shi ne ɗa ya sada zumunci da masoyan ubansa. Ka nemi abokan Baba. Da yawansu suna warwatse yanzu ba su da ko na shayi.

Malama a Kasala:

Ɗan'uwa, ta'aziyya. Ni malamar makaranta ce a Bahri kafin yaƙi, littattafaina na shekara ashirin can na baro su, don haka na san zafin sanduƙin nan.

Nana Asma'u 'yar Shehu, da duk iliminta, marsiyya ta rubuta wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta kuma yi wa wasu makusantanta. Malaman Sakkwato ba su ce ta rasa tawakkali ba, kwafar waƙoƙin suka yi ta yi har suka iso gare mu.

Roƙona a kan takardun ne. Danshin Jidda mugu ne ga tsohuwar tawada. Kada ka liƙa musu salatif, kada ka kai a rufe su da leda mai zafi, kada ka ajiye gafakar kusa da na'urar sanyi. Ka ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, ka tura wa ƙanwarka. In warƙoƙin suka hautsine kada ka tsorata, duba ƙasan shafi, galibi marubuta suna sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a can, da ita ake jera su.

Ɗan Madani a Jidda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Malam na Madina, na yi barci a daren da na karanta amsarka. Yayana na Riyad, maganarka ta yi zafi amma gaskiya ce. Inna tana raye, tana Gadarif wurin ƙanwata, kuma rabona da kiranta da kaina ya kai wata biyu.

Hajiya, na bi shawararki. Juma'ar da ta wuce na shiga Makka, aka kai ni wurin wani dattijo mutumin Gumel. Ya yi alwala, ya sa tabarau, ya buɗe. Rubutun gefen aya ta 84 sunan yayana ne, wanda kogi ya ci a Maiurno yana ɗan shekara bakwai, tun ina goye. A ƙarƙashi Baba ya rubuta, "Allah ka haɗa ni da shi." Zane-zanen kuwa dattijon ya ƙirga, talatin da huɗu. Ya ce a ganinsa duk shekara yake ƙara ɗaya. Na lissafa, haka ne. Ban taɓa jin Baba ya ambaci sunan yaron nan ba, ko sau ɗaya. Mu a gida mun ɗauka Inna ce kaɗai ba ta manta ba.

Daga wurin na kira ta, ina zaune a bakin titi. Na karanta mata. Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ta ce ta sani, duk watan da abin ya faru yakan rufe zaure bayan isha ya daɗe bai shigo ba. Mun fi awa muna magana.

A warƙar ƙarshe kuma akwai basussuka uku. Biyu ya soke su da layi. Na ukun buhun dawa biyu ne da ya karɓa wurin wani maƙwabcinmu na Maiurno. Inna ta san shi, ta ce manomi ne mai ɗan ɗingishi, gidansa na bayan masallacin unguwarmu ta da, kuma labarin ƙarshe da ta ji iyalinsa sun yi wajen Damazin. In akwai ɗan Maiurno ko mazaunin Damazin a nan, don Allah ya yi mini magana ta gefe in faɗa masa sunan. Ina so in san ko yana raye, in ba ya raye kuma su wa ya bari, da nawa buhu yake a can yanzu.