An kulle fayilolin kwamfutar shagona, ana neman dala 980: in biya ko in haƙura?

Mai Shago a Kabuga:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana da duk wanda irin wannan ta taɓa samunsa, domin kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina da ƙaramin shagon buga takardu a Kabuga, ba nisa da tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, mai kwamfuta huɗu da furinta biyu, kuma akasarin masu zuwa wurina ɗalibai ne da masu cike fom ɗin neman aiki ta intanet. Shekaranjiya da safe yaron shagona ya kunna babbar kwamfutar da muke ajiye aikin mutane a cikinta, sai ya tarar babu fayil ko ɗaya da yake buɗuwa. An ƙara wa sunan kowane fayil wasu haruffa huɗu a ƙarshensa, kuma a cikin kowace folda an ajiye wata 'yar takarda mai suna _readme.txt, wadda take cewa an kulle mana komai, sai mun biya dala 980 kafin a ba mu mabuɗi, amma idan muka tuntuɓe su cikin sa'o'i 72 za a rage mana zuwa dala 490. Da na matsa wa yaron da tambaya, ya faɗa mini gaskiya cewa a daren da ya gabata ya sauko da wata manhajar zane da aka fasa, kuma da kwamfutar ta hana shi ɗora ta, sai ya kashe manhajar tsaro kamar yadda shafin ya umarce shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne amanar mutane. A ciki akwai kundin kammala karatu na ɗalibai biyar, har da na wata baiwar Allah mai goyo wadda take kawo mana rubutun hannunta a cikin leda, muka shafe mako uku muna buga mata babi na huɗu. Akwai kuma wata folda da muka tara takardun mutane tun shekarun baya, wato takardar NIN da sakamakon WAEC da NECO da shaidar ƙaramar hukuma da hotunan fasfo, waɗanda ba mu taɓa gogewa ba saboda mutum yakan dawo bayan wata shida ya ce a sake fitar masa.

Shin idan na nemi rance na biya, za su buɗe mini? Sannan sauran kwamfutocin uku suna kan Windows 10, kuma na ji ana cewa an daina kula da ita, to ci gaba da aiki da su haɗari ne? Daga ƙarshe, akwai wata doka da za ta kama ni a kan takardun mutanen nan?

Mai Gyaran Kwamfuta, Titin Beirut:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar da alheri, ya kuma kiyaye gaba. Kafin komai, ka cire wannan kwamfutar daga intanet, ka raba ta da sauran ukun, kada a sake soka mata filash, kuma don Allah kada ka bari wani ya yi mata fomatin tukuna, domin shi ne abin da mutane suke fara yi cikin ruɗewa, daga nan kuma sai a rasa ɗan abin da za a iya cetowa.

Alamomin da ka bayyana, wato haruffa huɗu a ƙarshen suna da takardar _readme.txt da farashin 980 da 490, na manhajar garkuwa da fayiloli ne da ake kira STOP ko Djvu, wadda ta fi kowace yawa a tsakanin masu ƙananan kwamfutoci, kuma babbar hanyarta ita ce manhajojin da aka fasa. Tana aiki ta hanya biyu, kuma a nan ne makomar fayilolinka take. Idan a lokacin da ta shiga ta samu damar tuntuɓar uwar garken masu ita, to sun ba kwamfutarka mabuɗi nata ita kaɗai, wanda babu mai shi sai su, kuma babu wani mai gyara a Kano ko a wata ƙasa da zai iya karya shi. Idan kuwa intanet ya yanke a lokacin, sai ta yi amfani da wani mabuɗi na gama-gari da ke cikinta, kuma irin waɗannan ne kamfanin Emsisoft ya fitar wa manhajar buɗewa kyauta tun 2019. Za ka gane wanne ne ya same ka daga doguwar lambar da ke ƙasan takardar tasu, domin ta gama-garin takan ƙare da t1. Akwai kuma shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Tarayyar Turai da na ƙasar Holan suka kafa tare da wasu kamfanonin tsaro a 2016, inda ake ɗora fayil guda a duba ko akwai maganinsa. Duk wanda ya turo maka saƙo ya ce zai buɗe maka a kan kuɗi kaɗan, ka sani mai neman cin ka a karo na biyu ne.

Game da biya, shawarata ita ce kada ka biya. Za su ce ka tura kuɗin ta Bitcoin, wato kuɗin intanet, wanda idan ya tafi ba ya dawowa, kuma ba ka da kotun da za ka kai su idan suka yi shiru ko suka ƙara farashi. Na ga wanda ya biya aka aiko masa da mabuɗi, na kuma ga wanda ya sayar da babur ɗinsa ya biya, har yau yana jira.

Akwai wani abu da ya fi gaggawa wanda ba ka tambaya ba. Wannan manhaja sau da yawa takan zo tare da wata mai satar kalmomin sirri da aka ajiye a cikin burauza. Saboda haka tun yau, daga wayarka ba daga kwamfutar ba, ka canza kalmar sirrin imel ɗin shago da Facebook da duk asusun da aka taɓa buɗewa a kanta, ka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman ƙarin lamba bayan kalmar sirri kafin a shiga. Ka tuna cewa ɗalibai da yawa sun shiga imel ɗinsu da shafin makarantarsu a kan wannan kwamfutar, kuma da wuya a ce babu wanda ya danna maɓallin ajiye kalmar sirri.

Maganar Windows 10 gaskiya ce. Microsoft ya daina ba ta gyaran tsaro na kyauta daga 14 ga Oktoba 2025, sai dai ya buɗe wani tsari na ƙarin wa'adi wanda yake kai masu amfanin gida zuwa 13 ga Oktoba 2026. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, amma duk ɓarakar da aka gano bayan an daina gyaran za ta zauna a buɗe. Abin da ya faru a watan Mayun 2017 ya isa misali, lokacin da wata manhajar garkuwa da fayiloli mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali an fitar da gyaran tun watan Maris, mutane ne ba su ɗora ba. Idan kuma za ka koma Windows 11, tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a injin Intel sai daga zubi na takwas zuwa sama, wanda yawancin tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana nan kasuwa ba su kai ba. Amma ka lura, ba tsufan Windows ne ya jawo maka wannan ba. Da sabuwa ce fil, muddin an kashe tsaro da hannu an ɗora manhajar da aka fasa, haka za ta shiga.

Lauya a Titin Gidan Zoo:

Malam, ina taya ka jaje, kuma na yaba da ka yi tambaya ta uku, domin masu shaguna da yawa ba sa ɗaukar takardun da ake bari a kwamfutarsu a matsayin wani nauyi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ba bankuna da kamfanonin waya kaɗai ta shafa ba. Duk wanda yake karɓar bayanan mutane yana ajiyewa saboda sana'arsa ya shiga ƙarƙashinta, kuma Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC, ce take lura da aiwatar da ita. Daga cikin abubuwan da ta shimfiɗa akwai cewa kada a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu don aikin da aka karɓe su dominsa, kuma a yi musu tsaro gwargwadon haɗarinsu. Wannan folda da ka ambata, wadda take ɗauke da lambobin NIN da hotunan mutane na shekaru, ita ce matsalarka ta shari'a, tun ma kafin a kulle ta.

Dokar ta ce idan aka samu kutse wanda zai iya cutar da masu bayanan, a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 daga lokacin da aka gano, idan kuma haɗarin babba ne a sanar da su kansu mutanen ba tare da jinkiri ba. Tarar da ta tanada ga wanda ba ya cikin manyan masu sarrafa bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ban kawo wannan don in tsorata ka ba, domin wancan shi ne iyakar hukunci, kuma ana duba girman laifi da irin matakin da mutum ya ɗauka bayan abin ya faru. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka rubuta yadda lamarin ya auku da ranarsa da sa'arsa, ka ɗauki hoton takardar neman fansar, ka aika wa hukumar a rubuce, sannan ka kai rahoto ga 'yan sanda, waɗanda suke da cibiya ta musamman a kan laifukan intanet. A ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, masu manhajar su ne masu laifi, kai kuma wanda aka zalunta ne, kuma rahotonka shi ne shaidarka idan wata rana aka yi amfani da takardar wani aka ci bashi da sunansa.

Ka manna sanarwa a ƙofar shago da Hausa da Turanci, ka kuma kira waɗanda kake da lambarsu. Na san akwai kunya da tsoron rasa masu ciniki, amma mutumin da ka gaya wa yau zai canza kalmar sirrinsa ya sa ido a kan asusunsa, wanda kuwa ya ji daga bakin wani bayan an cuce shi ba zai yafe maka da sauƙi ba.

Tsohon Mai Buga Takardu, Fagge:

Ɗana, Allah ya sa kaffara ce. Na yi wannan sana'a tun zamanin tafireta, kuma ban yarda a ce dole ka zubar da kwamfutoci uku masu lafiya ba a wannan tsadar rayuwa. Ka ware guda ɗaya wadda ba za ta taɓa shiga intanet ba, ita ce ta buga rubutu da ajiya. Ka ware wata ta karɓar filash ɗin mutane da cike fom, wadda ba a barin komai a cikinta idan an tashi. Ɗana ya ɗora mini Linux Mint a madadin Windows, da LibreOffice ta buga rubutu, a kan tsohuwar kwamfutata, duka kyauta ne kuma halal, suna buɗe takardun Word, sai dai CorelDraw ba ya hawa kanta, don haka mai zane sai a nema masa lasisi na gaskiya ko a koya masa Inkscape, wata manhajar zane ta kyauta. Sannan ka sayi rumbun ajiya na waje, duk ranar Alhamis da yamma a kwafe aikin mako a ciki, a cire shi, ka tafi da shi gida. Idan ka bar shi a soke, ranar da cuta ta shigo da shi za ta haɗa.

Kafin ka yanke ƙauna a kan kundin ɗaliban nan, ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko an taɓa tura musu ta WhatsApp ko imel domin su kai wa malamin da yake duba su, ko kuma akwai wanda aka fitar a takarda aka yi wa gyara da jan biro.

Mai Shago a Kabuga:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Na duba lambar, ba ta ƙare da t1 ba, don haka na cire rai daga buɗewa a yanzu, amma na cire rumbun kwamfutar na ajiye shi a gida kamar yadda yake, ko Allah zai sa a samu mabuɗin nan gaba. Ba zan biya ba. Na canza kalmomin sirri tun jiya da dare, kuma na tarar an riga an gwada shiga imel ɗin shago daga wata ƙasa. Ɗalibai huɗu sun samu kundinsu a WhatsApp, biyu daga ciki da ɗan ragowar gyara. Ita kuwa mai goyon, babi uku na farko suna cikin imel ɗin malaminta, na huɗu ne babu shi ko'ina, amma ba ta yar da rubutun hannunta ba, kuma ta kawo shi yau da safe a cikin ledar nan, mun fara bugawa daga shafin farko ba tare da na karɓi ko kwabo ba. Barista, na rubuta bayanin da sanarwar ƙofa, ina roƙon ki duba mini su kafin in aika wa hukumar gobe da safe.